Na'omi Ta Komo da Kaka

Darasin watan Nuwamba domin iyalai da ƙungiyoyin Ikilisiya. Karatu: Littafin Rut, sura 1 zuwa 4.

Ruwan sama ya ɗauke. An riga an kai gero rumbu, gyaɗa tana shanye a tsakar gida, dawa kuwa ta sunkuyar da kai tana jiran masu girbi. Ciyawa ta soma bushewa, kuka ta fara zubar da ganyenta, iskar hunturu kuma tana leƙowa da asuba. A cikin wannan lokaci ne Ikilisiya takan sa mu yi abu biyu waɗanda a ido kamar ba su jitu ba. Mukan yi godiyar kaka da waƙa da rawa, sa'an nan mukan tafi makabarta mu yi addu'a domin waɗanda suka riga mu.

Ranar 2 ga Nuwamba, wato ranar tunawa da dukan masu bi da suka mutu, ta samo asali ne daga gidan sufaye na Cluny a ƙasar Faransa, inda shugabansu Waliyi Odilo, wanda ya rasu a shekara ta 1049, ya umarta a riƙa kiyaye ta kashegarin Idin Dukan Tsarkaka. A waɗancan ƙasashe Nuwamba wata ne na kakkaɓewar ganye da gajartar yini da shigowar sanyi, don haka duk wanda ya duba itatuwa sai ya tuna da mutuwa ba tare da an yi masa wa'azi ba. Sa'ad da Fadan SMA suka iso Shendam a 1907, sun zo da wannan tsarin kwanaki yadda yake. Amma a ƙasarmu sai ranar ta faɗo a tsakiyar kaka, lokacin da rumbu yake cika. Saboda haka a wata ɗaya, a kan benci ɗaya, za ka ga wani ya taso da damin dawa a ka yana rawa zuwa gaban bagade, kusa da shi kuwa wata tana zaune da 'yar takarda a hannu, ta rubuta sunan mijin da suka yi shuka tare da shi bana, bai ga girbi ba. Wannan darasi nata ne, na kuma wanda yake zaune kusa da ita.

MATAR DA TA KOMO HANNU WOFI

Littafin Rut gajere ne, sura huɗu kawai, mutum zai iya karanta shi kafin tuwo ya nuna. Yunwa ce ta kori Elimelek da matarsa Na'omi da 'ya'yansu biyu, Malon da Kiliyon, daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. Sunan Baitalami kuwa ma'anarsa gidan abinci, ga shi abinci ya ƙare a cikinsa. A Mowab Elimelek ya mutu. 'Ya'yan suka auri matan ƙasar, Orfa da Rut, bayan wajen shekara 10 su ma suka mutu, ba wanda ya bar ɗa. Ayoyi biyar na farko sun isa a binne maza uku. Na'omi ta ji labari cewa Ubangiji ya ba mutanenta abinci, ta kama hanyar gida. Orfa ta koma wurin danginta bisa ga shawarar surukarta, kada kuwa mu ga laifinta. Rut ta ƙi rabuwa da ita.

Abin da ya faru da suka shiga gari shi ne ya kamata mu tsaya a kai. Matan garin suka fito suna tambayar juna ko Na'omi ce wannan. Ita kuwa ta hana su kiranta da sunan, gama ma'anarsa mai daɗi, ta nemi a kira ta Mara, wato mai ɗaci. Ba ta ɓoye wanda take tuhuma ba. A gaban jama'a ta ɗora abin a kan Mai Iko Dukka, cewa ta fita a wadace, shi kuwa ya komo da ita ba kome (Rut 1:20-21). Marubucin kuwa ya rufe surar da gaya mana cewa sun iso ne a farkon kakar sha'ir. A ƙasar Yahudiya wannan kaka takan zo wajen watan Afrilu, kusa da Idin Ƙetarewa, amma kaka kaka ce ko'ina: kowa yana gona, kowa yana murna, ita kaɗai ce ba ta da abin girba.

Mu lura da abu biyu. Ba inda Littafi Mai Tsarki ya tsauta wa Na'omi saboda wannan magana. Ba annabin da aka aiko ya ce ta yi saɓo, ba wata mace da aka rubuta ta ce mata ta rufe baki. Har wa yau, marubucin bai taɓa kiranta Mara ba ko sau ɗaya. Daga farko har ƙarshe Na'omi yake ce mata. An bar ta ta faɗi ɗacin zuciyarta, amma ba a yarda ɗacin ya zama sunanta ba. Na biyu, sa'ad da take cewa ta komo ba kome, Rut tana tsaye a gefenta, yarinyar da ta bar uwa da uba da ƙasarta domin ta bi ta. Baƙin ciki yakan rufe ido haka. Mutum yakan ƙidaya abin da aka ɗauke masa daidai, bai kuskure ko ɗaya ba, amma abin da aka bar masa sai daga baya ya gan shi.

A nan akwai gyara a gare mu game da yadda muke gaisuwar mutuwa. Sai haƙuri, haka mukan ce, kuma magana ce mai kyau. Amma sau da yawa mukan ƙara da abin da yake sa wa mai makoki nauyi: cewa ta daina kuka tun da ita mai bi ce, ko cewa nufin Allah ne, ba a tambaya. Waliyi Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, abin da ya hana su shi ne baƙin ciki irin na marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13). Ubangijinmu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci kaɗan (Yahaya 11:35). Abokan Ayuba uku sun yi daidai muddin suna zaune a ƙasa tare da shi kwana 7 ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman bayyana dalilin wahalarsa, a nan suka ɓata, har Allah ya husata da su (Ayuba 2:13, 42:7). Waliyi Agustin, babban malamin Ikilisiya daga Afirka ta Arewa, ya ba da labari cewa sa'ad da mahaifiyarsa Waliyiya Monika ta rasu a Ostiya a shekara ta 387, ya danne hawayensa har aka gama jana'iza, yana ganin haka ya dace da mai bangaskiya, ciwon kuwa sai ƙaruwa ya yi. Sai da ya kaɗaita ya yi kuka a gaban Allah zuciyarsa ta sami hutawa. Idan Agustin ya bukaci kuka, ban ga dalilin da za mu hana wa tsohuwar da take ƙauyenmu ba.

KALA

Da gari ya waye a Baitalami, yunwa ba ta san ana makoki ba. Rut ta nemi izinin surukarta ta tafi kala. Kowa a cikinmu ya san kala: bayan mai gona ya kwashe amfaninsa, mata da yara sukan bi suna tsintar zangarniyar da ta faɗi, ko su tona gyaɗar da ta maƙale a ƙasa. A Isra'ila wannan doka ce ta Allah. An umarci mai gona kada ya girbe har gefen gonarsa, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zube (Littafin Firistoci 19:9-10). In ma ya manta da dami a gona, ba shi da izinin komawa ya ɗauko, rabon baƙo ne da maraya da gwauruwa (Maimaitawar Shari'a 24:19). Rut kuwa baƙuwa ce, gwauruwa ce kuma, ta cika sharaɗi sau biyu.

Ta yi dace ta faɗa gonar Bo'aza, dangin Elimelek. Bo'aza ya wuce abin da doka ta nema. Ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, ya ba ta izinin shan ruwa daga tulunansu, ya kira ta cin abinci, sa'an nan a asirce ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dammuna suna yar mata da gangan, don ta samu ba tare da ta ji kunyar roƙo ba. Ta yi aiki har yamma, ta sussuke abin da ta kalato, ya kai wajen garwa guda ta sha'ir. Ta kai gida tare da ragowar abincin da ta rage wa surukarta.

A nan ne bakin Na'omi ya sāke. Matar da jiya take tuhumar Allah, yau da ta ga hatsin, ta kuma ji sunan mai gonar, sai ta sa albarka da sunan Ubangiji, tana shaida cewa alheri bai yanke wa masu rai da matattu ba (Rut 2:20). Ba wanda ya yi mata bayanin dalilin mutuwar 'ya'yanta, har littafin ya ƙare ba a yi ba. Ba ta ga wahayi ba, ba mala'ikan da ya zo. Garwar hatsi ta gani, da alamar cewa akwai wanda ya tuna da gidan Elimelek. Ta wannan ƙaramar ƙofa bangaskiyarta ta komo.

Ina ganin haka girma cikin ruhaniya yakan kasance ga yawancin waɗanda suka yi babban rashi. Kafin rashin, mutum yakan girbi addu'a dami dami: yana jin daɗin waƙa, wa'azi yana shiga, Rosari yana tafiya sumul. Bayan rashin sai gonar ta zama fili. Ya durƙusa, bakinsa ya yi nauyi. Ya zo Misa, ya ji kamar a bakin kasuwa yake. Da yawa sukan tsorata a nan, su ɗauka bangaskiyarsu ta mutu, wasu ma su daina zuwa coci domin kunya. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan kana cikin wannan hali, lokacin kala ne ya zo maka. Mai kala ba ya raina zangarniya ɗaya. Idan Rosari duka ya gagara, ka yi goma ɗaya. Idan goman ta gagara, ka yi alamar gicciye ka kwanta. Idan ba ka da kalmomin yabo, ka buɗe Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta kuma ƙare cikin duhu ba tare da ta juya zuwa murna ba; Ruhu Mai Tsarki ne ya sa aka ajiye ta cikin littafin addu'ar Ikilisiya domin irin ranakunka. Ka zo Misa ko da ba ka jin kome, ka zauna a baya in ka ga dama, jama'a su amsa a madadinka. Rut ta yi ta fita kowace safiya har aka gama kakar sha'ir da ta alkama, wajen wata biyu, a sunkuye cikin rana. Abin da mutum ya tsinta a sunkuye da hannunsa ya san darajarsa fiye da abin da aka auna masa a sauƙaƙe, shi ya sa sau da yawa za ka tarar tsofaffin da suka binne 'ya'ya sun fi mu sanin Allah, ko da ba su iya karatu ba.

Manoman arewa sun san itacen gawo. Da damina, sa'ad da kowane itace yake kore shar, gawo yakan zubar da ganyensa ya tsaya tsirara kamar matacce, baƙo ya gan shi ya ce a sare. Manomi kuwa ba ya sare shi, gama ganyen da ya zube taki ne, geron da yake ƙarƙashinsa yakan fi na sauran gonar kyau. Da ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa suka fara kakkaɓewa, sai gawo ya tofo, ya ba da inuwa da rani, 'ya'yansa kuma su ciyar da awaki da tumaki lokacin da ciyawa ta ƙare. Saiwarsa ce take da zurfi. Akwai masu bi irin wannan a kowace Ikilisiya. Kada mu yi gaggawar yanke hukunci a kan wanda ya bushe a lokacin da kowa yake murna, gama ba mu san inda saiwarsa ta kai ba, ba mu kuma san ranar da mu za mu nemi inuwarsa ba.

GEFEN GONARMU

Da a ce Bo'aza ya share gonarsa tas, da Rut ta komo da zane wofi, da kuma ba mu ji albarka daga bakin Na'omi ba. Allah ya yi nufin ta'azantar da ita, amma ta hannun mai gona ya bi. Wannan ya sa tambayar ta dawo kanmu.

Mun iya jana'iza, wannan ba shakka. Mukan cika gida, mu kwana muna waƙa, mu yi anko, a yanka saniya, wani lokaci har a ci bashin da gwauruwar ce za ta biya. Bayan mako biyu kuwa sai ƙafa ta ɗauke. Makoki na gaske a lokacin yake farawa, ran da aka kwashe kujerun haya, ta shiga ɗaki ta ga takalmansa a bakin ƙofa. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, ƙafar kuwa an fi bukatarta a wata na uku da na shida fiye da ranar biso. Zumuntar Mata Katolika suna ƙoƙari ƙwarai a wannan fanni, Allah ya sāka musu. Maza fa? Wa yake zuwa wurin mutumin da matarsa ta rasu ta bar masa yara, wanda al'ada ta hana shi kuka a fili?

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, dole a faɗe shi. A wasu gidajenmu, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, 'yan'uwan mamaci sukan zo su karɓe gona da rumbu da awaki, har da katifa, su bar mace da marayu a tsaye. Waɗansunsu kuwa masu karɓar Tsarkakken Jibi ne. Bo'aza dangin miji ne, ya yi amfani da danginsa ya fanshi gonar Elimelek domin ta tsaya a gidan. Wanda ya yi amfani da nasa dangin ya ƙwace, ya sani Allah ya kira kansa mai kāre gwauraye da uban marayu (Zabura 68:5), da shi kuma zai yi shari'a. Kada ya kawo dami daga wannan gona ranar godiyar kaka kafin ya mayar da abin da ya ɗauka.

Ranar godiyar kanta tana bukatar lura. Akwai waɗanda ba su yi girbi ba bana: wani ambaliya ta cinye gonarsa, wani ciwo ya kwantar da shi dukan damina, waɗansu kuwa tashin hankali ya raba su da ƙauyukansu, suna zaune a gidajen dangi a gari, gonakinsu suna can ba mai iya zuwa. Irin waɗannan sukan ƙi zuwa coci ran nan, don kada a kira unguwarsu su fito hannu wofi. Ya kamata kwamitin kowace Ikilisiya ya keɓe wani kashi na hatsin da aka kawo, kafin a yi gwanjonsa, a kai wa irin waɗannan gidaje da dare, ba da shela ba, yadda masu girbin Bo'aza suka yi.

MASU RAI DA MATATTU

Ƙarshen littafin sananne ne. Bo'aza ya auri Rut, ta haifi Obida, Na'omi ta ɗauki jaririn ta ɗora shi a cinyarta. Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, ta haka sunan wannan baƙuwa mai kala ya shiga cikin asalin Yesu Kristi (Matiyu 1:5). Mukan ce bayan wuya sai daɗi, amma kada mu karanta labarin da sauri haka. Kaburbura uku suna nan a Mowab. Obida bai zama Malon ba, bai zama Kiliyon ba. Duk uwar da ta binne ɗa ta san wani ɗa ba ya cike gurbin wani. Na'omi ta riƙe jikanta da hannun da ya riga ya rufe idon 'ya'yanta, ta kuwa ɗauki abin biyu tare har ƙarshen ranta.

Bo'aza ya bayyana a ƙofar gari, a gaban dattawa 10, cewa yana yin wannan ne domin kada sunan mamacin ya ɓace daga cikin danginsa (Rut 4:10). Mu da muka san tashin Kristi daga matattu muna da abin da ya fi riƙe suna: muna iya taimakon waɗanda suka tafi. Yahuza Makabi ya tara kuɗin azurfa wajen 2,000 ya aika Urushalima a miƙa hadaya domin sojojinsa da suka mutu, Littafi kuwa ya yaba masa, gama ya yi haka ne saboda yana sa zuciya ga tashin matattu (2 Makabiyawa 12:43-45). Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya koyar a sakin layi na 1030 zuwa 1032 cewa waɗanda suka mutu cikin alherin Allah amma ba su gama tsarkaka ba, cetonsu tabbatacce ne, sai dai ana tsarkake su kafin su shiga farin cikin sama, addu'armu da sadakarmu, musamman hadayar Misa, suna amfanarsu. Monika da take bakin mutuwa a baƙuwar ƙasa ta ce wa 'ya'yanta kada su damu da inda za a binne ta, abu ɗaya ta roƙa, su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke. A shekara ta 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, matattu sun yi yawa, Paparoma Benedict na 15 ya ba kowane Fada izinin yin Misa uku ranar 2 ga Nuwamba, izinin kuwa yana nan har yau.

Daga ranar 1 zuwa 8 ga Nuwamba, duk wanda ya ziyarci makabarta ya yi addu'a domin matattu yana iya samar musu cikakken rangwamen horon zunubi, wato indaljens, sau ɗaya kowace rana, in ya je Sakramentin Tuba, ya karɓi Tsarkakken Jibi, ya yi addu'a domin nufin Paparoma, zuciyarsa kuma ta rabu da son kowane zunubi. Iyalai su je tare da yara, a share kaburbura, a gaya wa yaran ko su wane ne suke kwance a wurin.

Kowane gida ya rubuta sunayen matattunsa ya ba katekis kafin ranar, domin a ajiye su a bagade dukan watan. Kada rashin kuɗi ya hana kowa kawo suna. Dokar Ikilisiya, a kanon na 945, ta gargaɗi Fada ya yi Misa domin bukatun masu bi, musamman matalauta, ko da ba a ba da kome ba. A rubuta har da jariran da ba su daɗe ba, da waɗanda suka mutu a gudun hijira aka binne su a inda danginsu ba za su iya zuwa ba, da waɗanda ba a taɓa ganin gawarsu ba. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa wa katekis da baki, zai rubuta masa.